Leymah Gbowee: Matar da Ta Tsare Ƙofar Zauren Sulhu

 Yau Laberiya muka nufa, can bakin teku a yammacin Afirka, amma za mu fara yada zango a Akra, babban birnin Gana.

A watan Yuli na 2003, wakilan gwamnatin Laberiya da na 'yan tawaye da 'yan siyasa sun kusa cika mako bakwai a Gana suna zaman sulhu. An sa hannu a kan tsagaita wuta, an kuma karya. Mai shiga tsakani shi ne Janar Abdulsalami Abubakar, tsohon shugaban mulkin sojan Nijeriya, wanda ƙungiyar ECOWAS ta ɗora wa wannan nauyi. Wata rana ana cikin zama, sai ga mata kimanin 200 sanye da fararen riguna da fararen ɗankwali sun cika barandar da ke bakin zauren. Suka zauna daɓas a ƙasa, suka sarƙe hannuwansu, sannan suka aika wa Janar da 'yar takarda cewa babu wanda zai fita daga ɗakin nan sai an daidaita.

Wadda ta jagorance su 'yar shekara 31 ce a lokacin. Ba ta riƙe da muƙamin gwamnati, ba ta da jam'iyya, ba ta da ko yaro ɗaya mai bindiga. Sunanta Leymah Gbowee, ana faɗinsa Lema Bowi, kuma sana'arta aikin jin daɗin jama'a, wato zama da waɗanda duniya ta yi wa rauni, a saurare su, a taimaka musu su sake tsayawa da ƙafafunsu. Wanda ya ga abin da ta yi a bakin ƙofar nan zai ce jarumta ce kawai. Jarumtar tana nan, amma a ƙarƙashinta akwai sana'ar da aka koya, aka kuma sha wuya kafin a ƙware.

An haifi Leymah ranar 1 ga Fabrairu, 1972, ta tashi a Monrobiya. Tana shekara 17, ta gama sakandare tana burin karatun likita, sai Charles Taylor ya tsallako da mayaƙansa daga Kwaddibuwa a jajibirin Kirsimeti na 1989, da niyyar kifar da Shugaba Samuel Doe. Cikin 'yan watanni yaƙi ya iso babban birni. Danginta na cikin waɗanda suka fake a cocin Saint Peter ta ɗarikar Lutheran, inda suke ibada tun tana ƙarama. Allah ya yi da sauran kwanansu, suka bar wurin. A ƙarshen Yuli na 1990 sojojin gwamnati suka shiga cocin da dare, suka kashe mutane kimanin 600, yawancinsu mata da yara da tsofaffi.

Daga nan sai gudun hijira zuwa sansanin Buduburam a Gana. A cikin wannan shekara ce dakarun ECOWAS da ake kira ECOMOG suka sauka a Monrobiya, mafi yawansu sojojin Nijeriya. Akwai gidaje da dama a Nijeriya da har yau idan aka ambaci Laberiya sai an tuna da wani ɗa ko miji da ya je can.

Leymah ta koma gida, amma karatun likita ya riga ya bi ruwa. Ta faɗa hannun wani namiji mai dukanta, ta haihu da shi, ta sake komawa Gana cikin talauci. Ita da kanta ta ba da labarin yadda ta kwana kusan mako guda a daɓen barandar asibiti da jariri sabon haihuwa, saboda ba ta da kuɗin sallama. Ƙarshenta ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan iyayenta a Laberiya, ba ta da ko sisi, tana ganin kanta a matsayin wadda ta gama lalacewa.

A tsakiyar waɗannan shekaru ne wani abu ya faru wanda bai yi kama da babban abu ba. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya shirya horon wata uku don koyar da mutane yadda za su kwantar wa waɗanda yaƙi ya firgita hankali. Leymah ta shiga. A ajin nan ana bayanin yadda cin zarafi yake a cikin gida, yadda mai duka ke lallashi yau ya koma duka gobe, sai ta gane cewa labarinta ake bayarwa. Kafin ta yi wa kowa magani, horon ita ya fara yi wa.

A 1998 ta nemi shiga Kwalejin Mother Patern da ke Monrobiya don karanta aikin jin daɗin jama'a, aka ce sai ta nuna ta taɓa aikin sa kai. Ta je wani shiri na cocin Lutheran mai kula da warkar da raunin zuciya da sasanta jama'a. Ofishin shirin kuwa yana harabar cocin Saint Peter, wurin da aka yi kisan nan shekara takwas baya. Nan ta riƙa zuwa aiki kullum.

Bari mu ɗan tsaya a nan, domin nan ne tushen komai. Aikin da aka ba ta ya haɗa da zama da tsofaffin yaran Taylor. Taylor yana da runduna ta ƙananan yara zalla, waɗanda aka ɗauke su wasu ba su kai shekara goma ba, aka ɗura musu ƙwaya, aka miƙa musu bindiga. Da aka gama da su sai aka watsar. Waɗanda Leymah ta samu da yawansu sun nakasa, wani ba ƙafa, wani ba hannu, suna bara a titi, jama'a na tofa musu yawu. Ba su karɓe ta da daɗi ba. Sun zage ta, sun yi mata barazana, sun yi mata alfahari da irin ta'asar da suka yi wa mata. Ita kuwa yaƙin da suka yi ne ya rusa mata rayuwa, tana da dalilin ƙin su fiye da kowa. Amma ƙa'idar aikin ita ce ka dawo gobe, ka sake dawowa jibi, har mutum ya yarda ba gudu za ka yi ba. Ta yi ta dawowa. A hankali ta fahimci cewa a bayan jajayen idanun nan akwai yaro da aka raba da uwarsa, mai tsoro, wanda bai san wata hanyar neman girma ba sai tsoratar da mutane. Wanda ya zauna da irin waɗannan yara shekara da shekaru, ranar da ya tsaya gaban iyayen gidansu masu kwat da taye ba zai ji gabansa ya faɗi ba, domin ya riga ya san abin da ke cikin tukunyar.

Darasi na biyu daga mata ta koye shi. Idan aka shirya taron warkar da zuciya a ƙauye, maza ne ke magana, mata na dafa abinci. Sai Leymah da abokan aikinta suka riƙa tara matan su kaɗai da dare, a zauna a da'ira, kowace ta sauke nauyin da ke ƙirjinta. Wata ta faɗi yadda aka yi mata fyaɗe a gaban 'ya'yanta, wata ta faɗi yadda aka kashe mijinta tana kallo, abin da ba ta taɓa gaya wa ko uwarta ba. Wani lokaci har asuba ba a tashi ba. Hausawa na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a irin wannan zama matar ƙabilar Kpelle da ta Mandingo, Kirista da Musulma, kowace ta ji ciwonta a bakin 'yar'uwarta. Matan da daga baya suka cika titunan Monrobiya ba daga sama suka faɗo ba. An ɗaure zumuncinsu ne a irin waɗannan darare, mace ɗaya bayan ɗaya.

A halin nan ƙasa ba ta zauna ba. Taylor ya ci zaɓen 1997 da kusan kashi 75 cikin ɗari, mutane da yawa sun zaɓe shi ne don tsoron kada ya koma daji. Duk da haka a 1999 sabon yaƙi ya ɓarke daga arewa, ƙungiyar 'yan tawaye ta LURD ta taso, daga baya wata mai suna MODEL ta ɓullo daga kudu maso gabas.

A 2001, shekarar da Leymah ta kammala karatunta, wata 'yar Nijeriya mai suna Thelma Ekiyor ta kafa WIPNET, ƙungiyar mata masu aikin gina zaman lafiya, a ƙarƙashin cibiyar WANEP da ke Gana. Ta zaɓi Leymah ta riƙe reshen Laberiya, duk da cewa akwai manyan mata masu suna da suke ganin su suka fi cancanta. Shekara ta zagayo, Leymah ta yi mafarki an ce mata ta tara mata su roƙi Allah zaman lafiya. Ta so ta miƙa wa wasu aikin, tana ganin mace mai 'ya'ya ba aure ba ta isa ta ja salla ko addu'a a gaban kowa ba. Matan coci suka ce wanda aka nuna wa shi zai ɗauka.

Ana cikin wani taro a coci, sai wata jami'ar 'yan sanda Musulma, Asatu Bah Kenneth, ta miƙe ta yi alkawarin kawo matan Musulmi. Ta kuwa cika. Ba a rasa masu gunaguni ba ta kowane ɓangare, wasu na ganin yin addu'a kusa da wanda ba addininku ɗaya ba zai raunana imani. Amsar matan tambaya ce guda: shin harsashi yana tantance Kirista da Musulmi kafin ya shiga jiki? Ba su cakuɗa ibada ba, kowace ta roƙi Allah yadda addininta ya koya mata. Matan coci suka matsa wa limaman coci lamba, matan masallaci suka matsa wa malamai da limamai, domin su kuma su yi magana da masu bindiga. Taylor mai zuwa coci ne, shugabannin LURD da dama kuwa Musulmi ne, saboda haka kowane ɓangare akwai muryar da yake jin nauyinta.

A watan Afrilu na 2003 suka fito fili. Suka zaɓi wani fili kusa da kasuwar kifi, a bakin babban titin da ayarin motocin Taylor ke bi safe da yamma. Suka sa fararen kaya, ba ɗan kunne, ba kwalliya, don kada a gane mai kuɗi da talaka. Tun asuba suke zama har yamma, suna addu'a, suna ɗaga kwalaye masu neman zaman lafiya. Masu sauraro su tuna cewa Monrobiya na cikin biranen da suka fi samun ruwan sama a duniya, sama da milimita 4,000 a shekara, kuma damina na kankama ne a daidai wannan lokaci. Rana ta dake su, ruwa ya dake su, ba su tashi ba. Da yawansu daga sansanonin 'yan gudun hijira suke takowa a ƙasa, cikinsu ba komai.

Akwai batun da 'yan jaridar waje suka fi yayatawa, wato shawarar da matan suka yanke ta ƙaurace wa shimfiɗar mazajensu har sai mazan sun sa baki an daina yaƙi. Leymah ta faɗa da bakinta cewa wannan bai canja wani abu a fagen daga ba, amfaninsa shi ne ya jawo hankalin duniya. Abin takaici ne a ce shi aka fi tunawa, alhali watannin da aka shafe a kan tabarma cikin ruwa su ne ainihin aikin.

Ranar 23 ga Afrilu Taylor ya yarda ya gan su. Mata fiye da 2,000 suka taru a fadar shugaban ƙasa. Leymah ta hau dandamali, ta fuskanci Grace Minor, shugabar majalisar dattawa kuma mace ɗaya tilo a cikin manyan da ke wurin, ta roƙe ta ta isar wa shugaban ƙasa saƙo, alhali yana zaune yana ji. Ta ce mata sun gaji da yaƙi, sun gaji da gudu, sun gaji da ganin ana lalata 'ya'yansu. Taylor ya yi alkawarin zuwa zaman sulhu. Wasu matan kuma suka tafi Saliyo suka sami shugabannin 'yan tawaye, suka karɓo irin wannan alkawari.

Aka buɗe taro a Gana ranar 4 ga Yuni. A ranar ce kotun musamman ta Saliyo ta bayyana tuhumar da take yi wa Taylor kan laifukan yaƙi, ya bar taron ya koma gida, wakilansa suka ci gaba. Matan suka tara kuɗi suka bi su, matan sansanin Buduburam suka ƙara musu yawa. Kullum suna zaune a waje da kwalayensu, suna kallon mutanen da jiya suke daji yau suna kwana a otal mai sanyi, suna jayayya a kan wa zai samu ma'aikatar kuɗi, wa zai samu tashar jiragen ruwa. A Monrobiya kuwa rokoki na sauka a kan unguwanni. Ranar 21 ga Yuli suka faɗa har a harabar da dubban mutane suka fake kusa da ofishin jakadancin Amurka, jama'a suka jera gawarwaki a ƙofar ofishin.

Tura ta kai bango. Shi ne matan suka shiga suka tsare ƙofa.

Yadda Leymah ta ba da labari, Janar Abdulsalami ya sanar ta lasifika cewa Janar Leymah da dakarunta sun mamaye zauren. Jami'an tsaro suka zo kama ta, suka ce tana hana doka aikinta. Jin an ambaci doka a wurin da masu kisa ke zaune a kan kujerun alfarma ya sa ta fita hayyacinta. Ta cire ɗankwalinta, ta ce in dai kama ta za a yi, za ta tuɓe a gabansu. A Laberiya, kamar wurare da yawa a Afirka, uwa ta tuɓe a gaban namiji da gangan baki ne mafi muni, wanda ake ganin ba ya kankaruwa. Jami'an suka ja da baya. Wani daga cikin 'yan tawayen ya yunƙura zai tsallake matan, suka tura shi ciki. Janar Abdulsalami ya fito, ya hana kowa taɓa su, ya tsawata wa mutumin ya koma mazauninsa, sannan ya saurari matan. Suka janye bisa sharaɗi: a daidaita cikin mako biyu, kowa ya riƙa halartar zama, in ba haka ba za su dawo.

Gaskiya ita ce ba matan kaɗai suka kawo ƙarshen yaƙin ba, kuma wanda ya ce haka ya rage wa tarihi. 'Yan tawaye sun yi wa Monrobiya ƙawanya, tuhumar kotu ta karya wa Taylor gwiwa, Amurka ta ce ya sauka, Shugaba Obasanjo na Nijeriya ya ba shi mafaka, sojojin Nijeriya suka fara sauka ranar 4 ga Agusta. Amma duk waɗannan ƙarfi ne da ke iya musanya mai bindiga da wani mai bindiga. Matan ne suka shigar da kunya cikin zauren, suka tuna wa wakilan cewa akwai masu mutuwa a kowace ranar da suka ɓata. Taylor ya sauka ranar 11 ga Agusta ya tafi Kalaba. Ranar 18 ga Agusta aka sa hannu a kan yarjejeniyar Akra. Yaƙin shekara 14 ya ci rayuka kimanin 250,000.

Da yawa za su ce aiki ya ƙare. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta san cewa ranar da aka sallami majiyyaci daga asibiti ranar jinyar gida ke farawa. A Disamba na 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara karɓar makamai ba tare da ta saurari shawarar mutanen gari ba, mayaƙa suka yi tururuwa fiye da yadda aka shirya, abin ya rikiɗe ya zama tarzoma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matan nan suka fita sansanoni, suka yi magana da yaran da harshen uwa, domin wasunsu 'ya'yan maƙwabta ne, sun san sunan da ake kiran su a gida. Daga ƙarshe an karɓi makamai daga mutum sama da 100,000. Da zaɓen 2005 ya matso kuma aka ga matan kasuwa ba sa zuwa rajista don kada su bar kayansu, sai 'yan fararen kaya suka bi su kasuwa, wata ta tsare tire, wata ta riƙe goyo, mai kaya ta je ta dawo. Ellen Johnson Sirleaf ta ci zaɓen, ta zama mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka. Taylor kuwa an kama shi a Gamborun Ngala ta jihar Borno a Maris na 2006 yana ƙoƙarin tsallakawa Kamaru, kuma a 2012 aka yanke masa ɗaurin shekara 50 kan laifukan da aka aikata a Saliyo.

Leymah ba ta fita daga wannan gwagwarmaya lafiya lau ba, kuma ba ta ɓoye ba. Shekarun da take kwana a ofis da filin kasuwar kifi, 'yar'uwarta ce ke riƙe mata 'ya'ya a Gana, kuma rasuwar wannan 'yar'uwa ta girgiza ta ƙwarai. Ta bayyana cewa ta faɗa shan giya don ta iya barci, har sai da ta ga tsoro a idon 'ya'yanta sannan ta daina. Wanda ke kwasar kukan mutane kullum, in ba a samu mai kwasar nasa ba, nauyin kan danne shi. Masu wannan sana'a a ko'ina sun san haka, har da waɗanda suka yi aiki a sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri da Diffa, suka saurari irin labaran da Leymah ta saurara.

A 2006 ta haɗu da wasu suka kafa wata cibiyar mata da zaman lafiya a Akra. A 2007 ta sami digiri na biyu kan sasanta rikici a Jami'ar Eastern Mennonite da ke Amurka. A 2011 aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya tare da Shugaba Sirleaf da Tawakkol Karman ta Yaman.

Bayan kyautar da shekara guda ta yi abin da ya fi wa mutane da yawa wuya fiye da tsayawa gaban maƙiyi. Sirleaf ta naɗa ta shugabar shirin sasanta 'yan ƙasa. A Oktoba na 2012 Leymah ta ajiye muƙamin, ta fito fili ta ce gwamnatin ba ta yaƙi cin hanci yadda ya kamata ba, kuma shugabar ta ɗora 'ya'yanta a manyan kujeru. Sirleaf kuwa mace ce da Leymah ta taya yaƙin neman zaɓe, suka karɓi kyauta a dandamali ɗaya. A shekarar ce kuma ta kafa gidauniyarta a Monrobiya, wadda ke ɗaukar nauyin karatun 'yan mata, irin karatun da yaƙi ya ƙwace mata tana shekara 17.

Akwai abin da har yanzu bai kammala ba. Hukumar gaskiya da sasantawa ta Laberiya ta miƙa rahotonta a 2009, ta ba da shawarar a kafa kotu ta musamman, amma wasu daga cikin waɗanda rahoton ya ambata sun ci gaba da zama a majalisar dokoki. Sai a watan Mayu na 2024 Shugaba Joseph Boakai ya sa hannu a kan umarnin kafa ofishin da zai share fagen kotun laifukan yaƙi, shekara kusan 34 bayan daren cocin Saint Peter. Da yawa daga cikin matan da suka zauna a filin kasuwar kifi sun rasu kafin wannan rana, waɗanda suka rage kuma sun tsufa, suna jiran ranar da za a kira shari'a ta farko.